Cefane a ƙafa: shawarwari kan sababbin unguwannin Kano

Kan batun yadda ya kamata a tsara sababbin unguwannin Kano, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun tsaya kan abu guda: kada sayen tumatir da albasa ya zama sai an tari Adaidaita Sahu. A cikin gari, irin su Yakasai, yaro kan je ya dawo kafin tukunya ta tafasa.

Shawararsu, a ware filin 'yar kasuwa tun ranar yanka filaye, kafin gidaje su cinye shi. A rufe kwatoci, a dasa darbejiya, don ranar Kano ba ta wasa.

Wani ya kawo misalin Faris, inda magajiyar garin a lokacin, Anne Hidalgo, ta yi kamfe a 2020 da tsarin "birnin minti 15", wato mutum ya samu bukatunsa na yau da kullum cikin tafiyar minti 15 a ƙafa ko a keke. Kan masu tebura kuwa an ja, amma mafi rinjaye sun ce a gyara musu wuri, tunda kora ba ta hana su dawowa.