Sabar sunaye tana maƙalewa, ina zargin zaruruwan named

Mai_Kula_da_Saba:
Assalamu alaikum. Muna amfani da BIND 9 a kan Linux wajen nemo wa kwamfutocinmu adireshin sunayen intanet, amma lokaci-lokaci sai sabar ta daina amsa tambaya gaba ɗaya, alhali named, wato manhajar BIND da ke amsa tambayoyin, ba ta mutu ba. Tashar 53, wadda tambayoyin ke shigowa ta cikinta, a buɗe take, sai dai dig, umarnin gwada tambaya, yakan yi ta jira har lokacinsa ya ƙare, rndc status, umarnin duba halin named, ma ba ya dawo da komai. Da zarar an kashe an kunna, komai ya koma daidai. Ina zargin zaruruwan aikin (threads, wato sassan manhajar da ke gudana a lokaci guda) ne suke cijewa da juna. Ta yaya zan tabbatar da hakan?

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Idan ta sake maƙalewa kada ka yi gaggawar sake kunna ta, domin hujjar tana tafiya ne tare da manhajar da ka kashe. Fara duba top -H: idan zare ɗaya yana cinye ƙarfin injin baki ɗaya, to zagaye yake yi a wuri guda, idan kuwa duka sun yi tsit, jiran wani abu suke yi. Daga nan ka haɗa gdb, kayan binciken kurakuran manhaja, da named, ka ba da umarnin thread apply all bt don ganin inda kowane zare ya tsaya, ka kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da gcore. Ganin zaruruwa a epoll_wait ko pthread_cond_wait ba laifi ba ne, haka suke zama idan babu aiki. Abin da ke nuna cirko-cirko na gaske shi ne zaruruwa biyu ko fiye su tsaya a pthread_mutex_lock, kowanne yana riƙe da makullin da ɗan'uwansa ke nema, kuma ka sake dubawa bayan minti ɗaya ka tarar ba su motsa ba.

Hajiya_Linux:
Ni ban yi saurin ɗora wa zaruruwan laifi ba. Cikar recursive-clients, wato yawan tambayoyin da sabar ke nemo wa amsa a lokaci guda, wanda iyakarsa ta asali 1000 ce, takan sa tambayoyi su faɗi, amma da ita ce da rndc ya amsa. Abin da na fi zargi shi ne rubuta rahoto: idan syslog, mai karɓar rahotannin injin, ya tsaya, mashigarsa /dev/log ta cika, zaren da ke rubutu yakan maƙale, sauran kuma su yi layi a bayansa. Daga waje kamanninsu ɗaya da cijewar makullai, amma magani daban.

Tsohon_Injiniya:
Gaskiyarki, Hajiya. Ana iya gwada named -n 1 don rage zaruruwan aiki, tunda daga 9.14 an daina gina BIND ba tare da zaruruwa ba. Sai dai ɓacewar matsalar a wannan gwaji ba hujja ba ce, domin yana sauya saurin aikin ne kawai.

Mai_Kula_da_Saba:
Na gode ƙwarai. Ta sake maƙalewa, kuma gdb ya nuna zare ɗaya tsaye a cikin syslog, sauran suna jiransa. Ashe querylog, mai rubuta rahoton tambayoyi, a kunne yake, kowace tambaya sai ta bi ta wannan hanya. Na mayar da rahoton zuwa fayil na musamman, yanzu kuma ina bincikar abin da ke tsayar da syslog ɗin kansa.