Neman kalmar Hausa: me za mu kira "lymph"?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu ilimin lafiya da masu sanin Hausa. Maganar cin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a lokacinsu ta yi yawa a bakin masu ba da shawarar abinci, ana cewa yana gyara narkewar abinci, yana kuma taimaka wa abin da Turawa ke kira "lymph". Narkewar abinci kowa ya gane. Ɗaya kalmar ce ba mu da tsayayyen suna gare ta, kuma abin da ba shi da suna a bakin mutane, da shi ake cutarsu.

Bari in faɗi mene ne shi tukuna. Jini idan ya isa ƙananan jijiyoyi, wani ruwa yana tsatsafowa daga cikinsa ya jiƙa tsoka. Akasarinsa yana komawa, ragowar kuma wasu siraran hanyoyi ne ke kwashe shi, su bi da shi ta wasu ƙananan ƙulli-ƙulli da ke tace ƙwayoyin cuta, a ƙarshe su zuba shi cikin jini a kusa da ƙashin wuya, kimanin lita 2 zuwa 3 a yini. Ba shi da famfo irin zuciya, motsin tsoka da numfashi ne ke tura shi. Alaƙarsa da abinci kuwa ta nan take: maiƙon da muka ci, man gyaɗa ne ko man shanu, yawancinsa ta waɗannan hanyoyin yake barin hanji, tare da bitamin A, D, E da K. Wani likitan Italiya, Gaspare Aselli, ya ga hanyoyin a 1622 cikin hanjin kare, farare kamar madara saboda maiƙo. To me za mu kira wannan ruwa?

Wani ɗalibi daga Kabuga: Malam, tunda fararen ƙwayoyin jini ne a cikinsa, me zai hana a ce "farin jini"?

Ƙanena, ma'anar ta yi kusa, amma kalmar tana da mai ita. Ka ce wa Bakano farin jininsa ya toshe, zai ɗauka kasuwarsa ce ta mutu ko masoya sun guje shi.

Wata malamar makaranta daga Gwale: Ni dai "ruwan jiki" nake gaya wa ɗalibaina.

Malama, ya yi faɗi da yawa. Gumi ruwan jiki ne, yawu ma haka, kuma da kalmar muke cewa ruwan jikin yaro ya ƙare idan gudawa ta kama shi. "Ruwan jini" kuma masu gwaji sun riga sun ba wa ruwan da ƙwayoyin jini ke iyo a ciki. Wasu sun ce mu ari kalmar mu ce "limfi". Aro ba laifi ba ne, asibiti da allura duk aro ne, sai dai "limfi" ba ta nuna wa tsohuwar da ke Yakasai komai a jikinta.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Fagge: Malam, ai muna da kalmar. Kaluluwa. Yaro ya ji ciwo a ƙafa, matsematsinsa ya kumbura, uwar ta ce kaluluwa ta fito masa. Wannan ƙullin da kake faɗa, shi ne. Yana nan a hammata da wuya ma, ɗaruruwa ne a jikin mutum. Mu ce "ruwan kaluluwa" mana.

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ta shige ni.

Wani dattijo daga Ƙofar Mata: Yaro, a hankali. Kaluluwa sunan ciwo ne a wurinmu. Mai lafiya ba ya cewa yana da ita.

Gaskiya ne, Baba, kuma na daɗe ina juya wannan. Amma haka muke yi da saifa. Idan aka ce yaro yana da saifa, kumburinta ake nufi, alhali kowa yana da ita, mahauci ma yana sayar da ta rago. Kaluluwa tana nan kullum tana aikinta, sai ta yi faɗa da cuta take kumbura har hannu ya ji ta. Idan mutane suka san haka, za su fahimci tundurmi ma: tsutsotsi ne da sauro ke yaɗawa suke zama a hanyoyin wannan ruwa, ya taru, ƙafa ta kumbura. Ba sammu ba ne. Kaluluwar da ta yi tauri ta ƙi sacewa makonni kuwa, likita ake kai wa.

Don haka shawarata: ƙullin shi ne kaluluwa, ruwan shi ne ruwan kaluluwa, tsarin gaba ɗaya kuma magudanar kaluluwa. Na guji "jijiya" don ta riga ta ɗauki kaya da yawa, ta jini da ta motsi duk sunansu ɗaya.

Shi kuwa cin abu a lokacinsa, "cimar lokaci" ta wadatar. Mun san ta tun kafin a ba ta suna: rama, tafasa, lalo da ɗanyar kuɓewa da damina, kabewa da sabon gero da kaka, karas, kabeji da tumatirin Kadawa suna cika 'Yankaba da hunturu, mangwaro da kankana a 'Yan Lemo da bazara. A lokacinsu sun fi araha, sun fi sabunta, ganyen kuma yana sauƙaƙa bayan gida. Kwaɗon zogale da ƙuli da ɗan mai ya fi zogale tsura, domin sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A sai da maiƙo yake shiga da kyau.

Abin da ba na so shi ne a ɗauki sabuwar kalmar a liƙa a jarka, a ce ga maganin wanke magudanar kaluluwa. Babu jiƙon da ke wanke ta. Shan isasshen ruwa da zafin Afrilu, tafiya a ƙafa, da kwana cikin gidan sauro, su ne abin da za a iya yi mata. Hajiya, ki gwada kalmar a wurin masu zuwa awo, ki gaya mana yadda suka karɓe ta.