Me karatun Tarihi zai amfana wa ɗan Kabi a yau?

Ɗalibi daga Jega:
Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatun Tarihi a jami'a, amma mahaifina da yayyena suna ganin ɓata lokaci ne, domin a cewarsu labarin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba ya magance tsadar taki ko rashin tsaro. Ina roƙon malamai su ba ni misalan da zan gabatar wa mahaifina, waɗanda za su nuna cewa sanin abin da ya wuce yana taimakawa wajen fahimtar halin da muke ciki.

Malami daga Argungu:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka tambayi mahaifinka cikin ladabi dalilin da ya sa Sarkin Gwandu yake zaune a Birnin Kebbi, alhali Sarkin Kabi yana Argungu. Kowa yana ganin wannan tsari, amma ba mai iya bayyana shi sai wanda ya san cewa Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Songhai, ya zauna a Surame, daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, har zuwa 1805 lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kakan sarakunan Gwandu, ta ci birnin. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafu a Argungu, aka yi ta gwabzawa shekara da shekaru, musamman bayan tawayen ɗan sarautar Kabi Yakubu Nabame a 1849. Bikin kamun kifi da baƙi suke ɗauka wasa ne kawai, asalinsa ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin gidan Sakkwato da gidan Kabi. Duk jami'in da aka turo jihar nan ta Kebbi bai san wannan ba, zai yi ta taka sawun mutane a wajen rabon muƙamai da jerin zaman sarakuna, bai san abin da ya ɓata musu rai ba.

Wata ma'aikaciya daga Birnin Kebbi:
Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ina da fargaba. Na sha ganin matasa suna tono waɗannan yaƙe-yaƙe a Facebook domin gori tsakanin Bakabe da Bafulatani. Ƙanena, kada kuma ka raina damuwar mahaifinka game da aikin yi; ka haɗa karatun da shaidar koyarwa ko wata sana'a.

Dattijo daga Kamba:
'Yata, masu gorin nan guntun labari suka tsinta, ba su zauna gaban malami an koya musu auna ruwaya da ruwaya ba. Wanda ya yi karatun sosai ya san cewa a tsakiyar wannan gaba an yi Lafiyar Toga, wato sulhun da aka ƙulla a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, an yi auratayya, fatake kuma ba su daina zirga-zirga ba.

Ni misalina kan iyaka ne. Ikon Gwandu ya taɓa kaiwa Say a Nijar ta yau da Liptako a Burkina Faso, kafin Ingila da Faransa su shata layin da ya raba Dandawa da Zabarmawa da Arawa gida biyu. Shi ya sa da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mu a nan abin bai tsaya ga shinkafa ba: mutum ya kasa zuwa jana'izar kawunsa a Gaya ta Nijar, kasuwanninmu kuma suka mutu. Da masu yanke hukunci a Abuja sun san yadda layin ya ratsa dangi, da sun tanadi hanyar da ba za ta ƙuntata wa talaka haka ba. Jikana, idan ka samu hutu ka roƙi mahaifinka ku je gidan tarihi na Kanta a Argungu tare, ka bar shi ya yi wa masu kula da wurin tambayoyinsa da kansa.