Komawa tuƙi bayan hatsari: yaya ake yi da fargabar da ke zuwa tun ba a shiga mota ba?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan wanda ya yi hatsarin mota ce. Jiki ya warke, likita ya sallame shi, amma da zarar an ce gobe zai tuƙa sai barci ya ƙaurace masa, zuciya ta yi ta saƙa masa yadda za a sake yin karo. Sau da yawa ma zullumin daren ya fi na kan titi tsanani. Me ke kawo haka? Kuma ya dace ya riƙa ce wa kansa "ba abin da zai faru"?

Uwar Nazari:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa, amigdala, da ke haɗa abin da ya cutar da mutum da duk abin da ke kewaye da shi a lokacin: ƙarar burki, mahaɗar hanya, har riƙon sitiyari. Tunawa kaɗai ta isa ta sa jiki ya saki sinadarin firgici, adiranalin, gaba ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe. Da dare abin ya fi muni saboda babu titi a gabansa da zai ƙaryata saƙe-saƙen.

Amma abin da ke hana tsoron gushewa shi ne fasa tuƙin. Gari ya waye ya ce yau dai a bari, nan take ya ji sanyi a ransa, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka fasawar ce ta cece shi. Masanin halayyar ɗan Adam O. H. Mowrer ya yi bayanin wannan tun 1947: hatsari ne ke dasa tsoron, gudu ne ke ciyar da shi. Kowace fasawa tana ƙara wa gwajin gaba nauyi.

Ɗan Sitiyari:
Malam, ga yadda ake yi a aikace. Ya ɗauki takarda ya jera matakai 8 zuwa 10, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon yadda yake tayar masa da hankali. Ma'aunin likitan ƙwaƙwalwa Joseph Wolpe ke nan. Misali zama a kujerar direba da inji a kashe 20, zagaya fili 35, layin da ba kowa 50, shataletale 70, wurin da hatsarin ya auku 95. Ya fara daga wajen 30 ko 40.

Kafin kowane mataki ya rubuta abin da yake tsammanin zai faru, dalla-dalla yadda za a iya gwada shi: "ƙafata za ta sage in kasa taka burki cikin minti 5." Bayan ya sauko ya rubuta abin da ya faru a zahiri. Wannan tazarar tsakanin zato da zahiri ita ce ke koyar da ƙwaƙwalwa, kamar yadda masaniyar halayyar ɗan Adam Michelle Craske da abokan aikinta suka nanata. Don haka ba dole ba ne sai tsoron ya sauka ƙasa kafin a ce zaman ya yi amfani.

Minti 20 zuwa 30, sau 3 ko 4 a mako, ya fi awa 3 sau ɗaya a wata. Inda aka fi ɓata aikin kuwa shi ne 'yan dabarun kare kai: kullum sai da wani a gefe, ko rarrafe da mota ƙasa da gudun da titin ke buƙata, ko dakatar da tuƙi daidai lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa. Sai ya ƙare da cewa "don wane na nan ne na tsira." A riƙa janye su ɗaya bayan ɗaya, a kuma sauya hanya da lokaci, don tsoron da aka kashe a layi ɗaya yakan farfaɗo a wani.

Malam Sannu-Sannu:
A kan zancen zuci, ni ban ga amfanin "ba abin da zai faru" ba. Mutumin da abu ya riga ya faru da shi ba zai yarda ba, sai gardama ta kaure a cikin kansa. "Kar ka tuna" ma ta fi muni. A gwajin masanin halayya Daniel Wegner na 1987, waɗanda aka hana tunanin wata farar dabba sun fi tunaninta daga baya.

Maganar da ke aiki gajera ce, gaskiya ce, kuma umarni ce ga gaɓoɓi: "duba madubi, sassauta totur, bar tazarar daƙiƙa 3." Ya kuma kira sunansa kamar mai yi wa wani magana: "wane, gabanka na faɗuwa, ka san dalili, ci gaba." Masanin halayya Ethan Kross ya nuna a 2014 cewa masu yin haka kafin jawabi a gaban masu tantancewa sun fi natsuwa. Zullumin dare kuma a yanka masa lokaci, minti 15 da yamma, a rubuce, a rufe littafin.

Uwar Nazari:
Ƙari kaɗan, Malam. Kada a ce masa ya yi ta jan dogon numfashi da sauri, yana rage iskar kabon a jini, ya kawo jiri da mutuwar yatsu, shi kuma ya zata suma zai yi. Ya shaƙa daƙiƙa 4, ya fitar a 6. Kuma kada ya sha maganin kwantar da hankali ya hau titi, yana rage saurin taka burki.

In an haura wata guda yana mugun mafarki, ko hatsarin na faɗo masa kamar yanzu yake faruwa, ko yana zabura da ɗan motsi, ya ga likitan ƙwaƙwalwa kafin ya taɓa matakan sama.