Zuwa kallon ƙwallon kwando karon farko a sabon filin Baylor: me ya kamata in sani?

Mai_Tambaya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina son zuwa kallon wasan maza na Jami'ar Baylor a sabon filinsu, Foster Pavilion, da ke Waco a jihar Texas. A talabijin kawai nake kallon wasan jami'o'in Amurka. Wane wurin zama ya fi? Ƙarfe nawa zan isa? Me ake hana shiga da shi?

Baban_Kwando:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da sanin girman wurin. An buɗe shi a Janairun 2024, yana ɗaukar mutum 7,500, alhali tsohon filinsu, Ferrell Center, ya haura 10,000. Da gangan aka rage, kamar yadda Jami'ar Texas ta yi da sabon filinta, Moody Center, a 2022: kujeru kaɗan, kusa da 'yan wasa, ihu ya cika ɗaki. Abin da hakan ke jawo maka shi ne tikitin manyan wasannin Big 12 (rukunin jami'o'in da Baylor ke fafatawa a ciki) na Janairu da Fabrairu kan yi wuya ya yi tsada. In ganin fili ne burinka, nemi wasan Nuwamba ko Disamba da ƙaramar jami'a.

Batun kujera kuwa, kada kusanci ya ruɗe ka. Tsawon fili ƙafa 94 ne, faɗinsa 50. Wanda ya zauna a layin farko bayan kwando rabin wasa yake gani, don ƙarfen da ke riƙe da kwandon da masu ɗaukar hoto suna tare shi, kuma in wasa ya koma ɗaya ɓangaren ba ya gane nisa. Ka zauna a gefe, tsakanin layukan jifan kyauta biyu, ka ɗan hau sama kamar layi na 10 zuwa 20. Daga nan ne za ka ga yadda ake tsare gida da yadda ake buɗe wa mai jifa hanya. Kujerun filin a miƙe suke sosai, saboda haka na sama ma bai yi asara ba, sai dai mai ciwon gwiwa ya nemi na bakin hanya. Ka kuma duba taswira ka nisanci ɓangaren ɗalibai da 'yan badujala, in ba ka shirya tsayuwar awa biyu ba. Su ba sa zama.

Hajiya_Big12:
Ɗan'uwa, a ƙofa ake shan wahala, ba a ciki ba. Tikiti yanzu na waya ne. Ka sauke shi cikin Apple Wallet ko Google Wallet tun daga gida, domin in dubban mutane suka taru intanet kan ja ƙafa. Kada ka dogara da hoton tikitin: wasu tikitocin lambarsu tana canzawa bayan 'yan daƙiƙu, na'ura ba za ta karɓi hoto ba. Waya ta kasance cike da caji.

Sai jaka. Dokar yawancin filayen jami'o'i ita ce jakar roba wadda ake ganin cikinta, kada ta wuce inci 12 da 6 da 12, ko ƙaramar jakar hannu kamar inci 4.5 da 6.5. Jakar goyo ba ta shiga, komawa mota za ka yi ka sake bin layi. Karanta dokar filin a shafinsu ranar wasan. Ka riƙe katin banki, sababbin filaye da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi. Ana buɗe ƙofa kamar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin wasa. Ka isa lokacin, ka biya wurin ajiye mota tun kafin ranar in akwai dama.

Alkalin_Gefe:
Ƙari a kan na Hajiya: ka san lokacin tashi daga kujera. Wasan maza rabi biyu ne, kowanne minti 20, da hutun minti 15 a tsakani. Na mata kashi huɗu ne na minti 10. A na maza ana tsayawa don tallan talabijin a tsayawar farko bayan agogo ya sauko ƙasa da minti 16, 12, 8 da 4. Nan ne lokacin zuwa bayi ko sayen abinci, ba hutun rabin lokaci ba, da kowa ke tashi a tare. In ka dawo ana cikin wasa, tsaya a bakin matakala har a busa.

Ka riƙa duban laifuffukan ƙungiya a allo. Daga na 7 a cikin rabi guda, wanda aka yi wa laifi zai yi jifan kyauta ɗaya, in ta shiga ya ƙara. Daga na 10 jifa biyu ne kai tsaye. Ɗan wasa kuma laifi 5 ke fitar da shi, ba 6 kamar a gasar ƙwararru ta NBA ba. Shi ya sa minti biyun ƙarshe kan ci kwata na awa.

Baban_Kwando:
Na manta: in da yaro za ka je, tafi masa da abin toshe kunne. Kuma ka sa kore ko ruwan zinare, launin Baylor ke nan.