Neman aikin karɓar kiran 911: waɗanda suka shiga intabiyu, ku ba mu labari

Maman Iman, Ohio: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na cike takardar neman aikin karɓar kiran gaggawa da tura 'yan sanda a garinmu, kuma sun kira ni jarrabawa, daga nan sai intabiyu. Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa. Abin da ya fi damuna shi ne harshena, don da na buɗe baki ake gane ba nan aka haife ni ba.

Yaya Habu, Texas: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, cire maganar harshe daga ranki, ni da Turancin Zariya na shiga, kuma ina kan aikin har yau. Abin da suke so shi ne a fahimce ki a waya da oba-oba, ki yi magana a tsanake ba tare da haɗiye kalma ba.

Jarrabawar da muka yi ita ce CritiCall, a kwamfuta, da na'urar sauraro a kunne. Murya za ta karanto miki suna da adireshi da lambar mota, kina rubutawa. Kina tsaka da haka sai wani saƙo ya faɗo gefen allo, a ce ga waya ta tsinke daga turken lantarki ko ga wani ya faɗi ba ya numfashi, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi za ki zaɓi wanda za a tura: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, motar asibiti ko ma'aikatan wuta da ruwa. Sannan ki koma inda kika tsaya. Akwai karatun taswira, akwai riƙe lambobi a ka. Ki dage da koyon taifin tun yanzu, musamman lambobi, domin wurare da yawa suna neman kalma 35 zuwa 40 a minti ɗaya. Ni rediyo nake kunnawa ina rubuta abin da mai labarai ke faɗa, yara na hayaniya a falo, ban hana su ba.

Anti Bilki, Maryland: A tawa intabiyun mutum uku na tarar a bayan tebur, ɗaya da kakin 'yan sanda, kowa da takarda yana ba da maki. Ba mai murmushi, ba mai gyaɗa kai, kada wannan ya tsorata ki, haka suke yi wa kowa. Ɗayarsu ta ce: ga uwa tana kururuwa ɗanta ya shaƙe, me za ki fara yi? Na ce adireshi zan fara karɓa, in maimaita mata shi, domin ko waya ta katse an san inda za a dosa. Sai na ga alƙalami ya motsa. Suka kuma tambaya, in kiran daga gidanku ne fa? In abokiyar aiki ta leƙa bayanan tsohon mijinta a kwamfuta kin gani fa? Wannan amsarsa ɗaya ce, za ki kai rahoto.

Malam Isa, Minnesota: Ni inda tafiyata ta yi nauyi shi ne binciken tarihi. Sun ɗauki zanen yatsu, sun nemi duk inda na zauna da inda na yi aiki shekaru goma baya. Gidanmu na Gusau ba shi da lamba, sai kwatance, mai binciken ya yi ta kirana a kan haka wata da watanni. Sannan takardar makaranta ta ce Muhammad, fasfo ya ce Mohammed. Hajiya, ki haɗa takardunki yanzu, ki rubuta kowane irin rubutun sunanki da kanki kafin su gano. Wasu wuraren har na'urar gano ƙarya suke sa wa mutum, ga ganin likitan ƙwaƙwalwa da gwajin ji. Tarar gudu da mota ba ta cika kayar da mutum ba, ɓoye ta ne ke kayarwa.

Hajjo, Birmingham: Mu a Ingila lambobin kiran su ne 999 na gaggawa da 101 na abin da ba gaggawa ba, kuma sai ka cika shekara uku a ƙasar kafin su iya tantance ka. Mu wasan kwaikwayo aka yi mana, wani ya kira yana zagi, ana kallon ko murya za ta tashi.

Maman Iman, Ohio: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Bilki, yaya kike yi da salla da azumi?

Anti Bilki, Maryland: Gaskiya nan ne da wuya. Dutin awa 12 muke yi, sabon shiga kuma dare da ƙarshen mako ne rabonsa, in aka rasa mai karɓar ki sai a ƙara miki awanni ko kin shirya ko ba ki shirya ba. Za su tambaye ki a fili ko za ki iya, kada ki ce e sai kin zauna da Baban Iman kun tsara wanda zai riƙe yara. Salla ina yi a lokacin hutu, akwai darduma a lokata, kuma hijabi bai taɓa hana na'urar kunne zama ba. Ranar Idi musaya nake yi, in karɓi Kirsimetin abokan aiki su karɓi tawa, amma sai na nema tun da wuri. Ki roƙi su bar ki ki zauna a ɗakin karɓar kiran na 'yan awanni kafin intabiyu, suna yarda. Ki zaɓi daren Juma'a ko Asabar, lokacin da wayoyi ba sa hutawa.