Neman shawara: manhajar juya shafukan jawabi da murya, wanne gyara zan fara?

Ɗan Gwale: Salamu alaikum. Ina da manhajar burauza da ke juya shafukan jawabi da murya, ba sai mai magana ya taɓa kwamfuta ba. A kan reveal.js (manhajar nuna shafukan jawabi a burauza) na gina ta, na haɗa da SpeechRecognition (tsarin burauza mai gane magana), da ta ji "next" sai ta kira Reveal.next(), wato umarnin zuwa shafi na gaba. Wata guda cur ya tafi wajen zaɓen launi da harafin da ke nuna ƙ, ɗ, ɓ da kyau a majigi, na canza sau huɗu kafin na samu wanda ƙugiyarsa ba ta ɓacewa daga bayan zaure. Saura sati biyu a gwada ta gaban jama'a, hankalina ya tashi. Takan daina ji, wani lokaci kuma ta tsallake shafi uku a tare. Ina kuma son ƙara umarnin Hausa, "gaba" da "baya", sannan ta riƙa bin jawabin tana juyawa da kanta. Wanne zan fara?

Injiniya Babba: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi burauzar ba, ba ka faɗi makirufo ba, alhali nan matsalar take. Daina ji ba laifin lambar manhajar da ka rubuta ba ne. Ko ka sa continuous ya zama true, Chrome yana rufe sauraro idan an yi shiru. Ka kama onend, wato sanarwar rufe sauraro, ka jira kamar milisakan 300, ka sake kiran start(), amma da alamar da ke nuna ko mai jawabi ne ya kashe da gangan, in ba haka ba maɓallin tsayawa ba zai yi aiki ba. Tsallaken kuma interimResults ne, wato sakamakon wucin gadi da ke zuwa tun ana cikin magana. Kalma ɗaya tana zuwa sau da yawa kafin isFinal, wato sakamakon ƙarshe, kai kuma kana juya shafi kowane zuwa. Bayan kowane umarni ka toshe kunnenta na sakan ɗaya da rabi.

Ɗan Gwale: Yallaɓai, da gangan na bar interimResults, jiran isFinal yana sa jinkiri.

Injiniya Babba: Ban ce ka cire ba. Na ce ka sa toshiya.

Maman Kod: Ƙanina, "gaba" da "baya" za su kunyata ka. Mai jawabi da Hausa ba zai yi minti biyu bai ce "nan gaba", "ci gaba" ko "a baya" ba, kowanne kuwa shafi zai motsa. Ka zaɓi abin da ba ya faɗowa cikin zance, kamar "allo juya" da "allo koma". Abin da ke ci mini rai shi ne har yau masu Hausa miliyoyi, amma muryoyin Hausa da aka tara a Common Voice, rumbun muryoyin da ake koya wa na'ura gane magana da su, ba su kai ko kusa da na Turanci ba, mu kuma ba ma shiga mu karanta jimla ko goma.

Bazazzagi: Ku duk kun manta intanet. Chrome yana tura sautin zuwa sabar Google ne, sabis na yankewa ka samu kuskuren network. Ka koma Vosk, wani tsarin gane magana ne, yana aiki cikin burauza ba intanet, ƙaramin samfurin Turanci wajen megabait 40 ne, kuma za ka iya taƙaita masa kalmomin da zai saurara.

Injiniya Babba: Vosk na Turanci ba zai ji "juya" ba. Whisper, shi ma tsarin gane magana, yana da Hausa a jerinsa, amma ƙaramin samfurinsa kame-kame yake yi, babban kuma zai dafa kwamfutar. Ga umarni biyu, Teachable Machine, shafin da kake koya wa na'ura gane sauti da misalanka, ya isa. Ka ɗauki ƙarar zauren ta sakan 20 aƙalla, har da fanka da janareto, sannan kowace kalma sau 50 daga bakin mutane daban-daban, maza da mata. Muryarka kaɗai ka ba shi, kai kaɗai zai ji. Bin jawabi da kanta kuwa ka ajiye shi, mutum ba ya bin rubutunsa kalma da kalma.

Ɗan Gwale: Ai bin jawabin shi ne abin da ya bambanta ta da sauran. In na cire shi me ya rage?

Bazazzagi: To lasifika fa? Muryar da ta fito daga lasifika tana komawa makirufon kwamfuta, umarni ya shiga sau biyu. Sai makirufo na maƙalawa a wuya, kuma ka mai da shi na farko a saitin kwamfutar. Shafin ma sai HTTPS, in ba a localhost ba (wato kan kwamfutarka kanta), getUserMedia mai buɗe makirufo ba zai buɗe ba.

Maman Kod: Ka bar PageDown da PageUp suna aiki, ranar gwajin ka riƙe rimot a aljihu.

Ɗan Gwale: Anti, in aka gan ni da rimot ai an gama da ni. Toshiyar na sa, yanzu shafi biyu take tsallakewa maimakon uku. Ko in kai ta sakan uku?

Injiniya Babba: Turo lambar onresult ɗin, mai karɓar abin da aka ji, gaba ɗaya. Kuma har yanzu ba ka faɗi burauzar ba.